Sa Hannun da Ban Yi Ba

Yatsansa ne ya tsaya. Tun da na zauna yake bin takardar da yatsa daga sama zuwa ƙasa, leɓensa na motsi kamar mai lazimi, sai kawai yatsan ya tsaya wuri ɗaya ya ƙi gaba. Fanka na juyawa a hankali a saman kanmu. Ban san me ya gani ba, amma jikina ya riga ni sani.

Dakta shi ne yake koya mana ilimin tsirrai, mu 'yan shekarar farko a jami'a. Dattijo ne mai furfura a gefen kai, ba ya faɗa, ba ya kuma dariya. Na zo masa da wasiƙar roƙo da takardar asibiti, ina neman a sake mini tes ɗin da ya wuce ni, don mako uku cur ban taka makaranta ba. Da hannun hagu na miƙa masa takardun. Ya kalli hannun, ya kalle ni. Na daman yana cikin hijabi, a naɗe, kwance a kan cikina.

"Kika ce ba kya nan ranar tes?"

"Eh, Sa. Ina asibiti."

"To matso ki gani."

Takardar atendans ce ta ranar tes, wadda kowa yake rubuta lambarsa ya sa hannu. Ga lambata. Ga sa hannuna a gefenta, har da 'yar jelar nan da nake lanƙwasawa a ƙarshe, wadda na ƙirƙiro tun muna ajin ƙarshe a sakandare. Na tsaya ina kallonta kamar na haɗu da kaina a hanya ina dawowa daga wani wuri.

"Tun ranar tes ɗin nake neman takardar amsarki," in ji shi. "Sa hannu ya fi takardu yawa da guda ɗaya. Na zazzage ofis ɗin nan, na duba but ɗin motata, har matata na tambaya ko ta kunna risho da ita. Yanzu kin zo kin ce ba ki ma shigo ajin ba."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce abu biyu ne, babu na uku. Ko dai na zo tes ɗin, na ga ya yi mini wuya, na fice da takardata, na je na samo takardar asibiti a wani wuri. Ko kuma wani ne ya sa mini hannu a ɗakin jarrabawa. Duka biyun kwamitin ladabtarwa ne yake zama a kansu, kuma kwamitin nan yana iya sallamar mutum gida gaba ɗaya. Ya ce in same shi ranar Alhamis da ƙarfe sha biyu a ofis ɗin Malamar da ke kula da 'yan shekarar farko. In zo da gaskiya, ko in zo da sunan wanda ya yi.

Na san wadda ta yi. Tun kafin ya rufe baki na sani.

Da zan fita na ga wata baƙar waya ta lantarki kwance a ƙasa, ta fito daga bayan firij ta nufi tebur. Na yi tsalle na bugi ƙofa da kafaɗa. Dakta ya ɗago kai. Na ce, "Yi haƙuri, Sa," na fita.

Abin da ya same ni a gona ya same ni. Wata Juma'a na tafi gida Agwada, don Baba ya ce a zo a kakkaɓe riɗi, hannu ya yi kaɗan. Riɗi idan an yanke shi, a tsaye ake jingina dammunan su bushe, sannan a shimfiɗa tamfal a kifa su a bubbuga. Ina son aikin nan tun ina ƙarama saboda ƙararsa, sai ka ce yayyafi a kan kwano. Safiyar Asabar na sunkuya na zura hannu ƙarƙashin wani dami zan ɗaga. Ba zafi na fara ji ba. Kamar an ɗan tsikare ni da allura biyu, shi ke nan. Na ga wani abu mai launin ƙasa ya lanƙwashe yana goga jikinsa yana wani sauti, shi ma kamar zubar riɗi. Kububuwa ce.

Daga nan abubuwa gutsure-gutsure nake tuna su. Baba ya ɗora ni a mashin, ya ɗaure ni a bayansa da ɗankwalin Inna kamar jaririya. Bishiyoyin mangwaro suna wucewa a kwance. A asibitin Garaku wata mata mai farar riga ta duba bakina, ta ga jini a dasashina, ta ce kada mu tsaya, mu wuce Keffi yanzu yanzu. Na tuna iska a fuskata, na tuna ina ƙirga maɓallan bayan rigar Baba alhali rigar ba ta da maɓalli a baya. Sai farin silin. Sai ledar ruwa tana ɗiga. Kwanaki suka narke suka shiga juna, ban san Litinin ba, ban san Laraba ba.

Abin da na fi tunawa a asibitin murya ce. Muryar 'yar ɗakina. Mu biyu muke zaune a ɗaki ɗaya a Angwan Iya, kos ɗinmu ɗaya, tun ranar rajista muka haɗu a layi. 'Yar Eggon ce, Kirista, babanta malamin firamare ne da ya yi ritaya. Kullum bayan lakca sai ta zo ta zauna a gefen gadona ta buɗe littafinta tana karanta mini abin da aka koyar, ko ina ji ko ba na ji. Sassan fure, jijiyoyin ganye, yadda ruwa ke hawa daga saiwa. Idona a rufe, sai in ga kaina ƙarama ina tafiya cikin kara, ruwa kore yana ɗauke da ni zuwa sama.

Inna kuwa, ranar da na fara gane mutane, ta kama hannun ƙawar tawa ta ce mata, "'Yata, abu ɗaya nake roƙonki. Kada kowa ya ji. Ko mutum ɗaya a makarantar nan." A gidanmu haka ake yi tun kakanni. Wanda abin ƙasa ya sara ba a yaɗa labarinsa, ba ya kuma nuna gurbin sai fata ta rufe, don an ce idan baki da ido suka yi yawa a kai, dafin farkawa yake. Ƙawata ta ce, "Mama, na ji. Ba wanda zai ji a bakina." Kuma ba wanda ya ji. Ni ma da zan kai wasiƙata, sai na rubuta da hannun hagu cewa na yi rashin lafiya, na naɗe takardar asibitin ina fatan kada a karanta ta sosai.

Ranar da na baro ofis ɗin Dakta ban hau keke ba, da ƙafa na taho wani wuri mai nisa kafin na farga. Gari ya zama kamar ana nuna mini shi ta cikin ruwa. Masu gyaran mashin suna buga ƙarfe, sautin sai ya daɗe kafin ya iso ni. Na samu ƙawata a ƙofar ɗaki tana yanka alayyafo a faranti, rediyon maƙwabta na yi.

"'Yar Agwada! Yaya? Ya yarda? Na gaya miki tsohon nan fuska ce kawai."

"Kin sa mini hannu ranar tes?"

Wuƙar ta tsaya. Ta kalle ni, ta kalli sama kamar tana ƙirga kwanaki, sai ta dafe kai da hannun da ke riƙe da wuƙar.

"Yesu na! Tes ɗin ma?"

"Ni kike tambaya?"

"Ke, tsaya. Abeg tsaya." Ta ajiye farantin. "Kullum takarda ta zo layinmu, in sa nawa in sa naki. Mako biyu ina yi. Ranar nan kaina ya ɗau zafi, tambaya ta uku ta riƙe ni, takardar ta zo, hannuna ya tafi da kansa. Na rantse miki ban ma san na yi ba."

Ba sabon abu ba ne a ajinmu. Takardar atendans idan ta taso daga gaba, kafin ta kai baya ta tara mutanen da suke kasuwa, da masu barci, da wanda ya tafi Abuja. Wanda bai cika kwanakin zuwa aji ba ba ya zama jarrabawa, shi ya sa kowa yake rufa wa nasa asiri. Ita kuma an hana ta faɗa, to me ya rage mata? Sa hannun nawa ma ni na koya mata, wata rana muna zaune muna wasa a bayan littafi, tana tsokanata wai jelar kamar ta zakaran da ruwa ya doka.

Na gaya mata abin da Dakta ya ce. Da na ambaci kwamiti sai ta zauna a dandaryar ƙasa.

"Babana," ta ce. "Shi ne fa yake tsayawa a coci yana yi wa yara wa'azi a kan satar amsa."

"Ba zan faɗi sunanki ba."

"To me za ki ce? Aljani ne?"

"Zan ce ban sani ba."

"Ke da ba ki iya ƙarya ba? Kunnenki rawa yake."

Ba mu yi dariya ba. Alayyafon nan haka ya yi yaushi a faranti.

Talata da Laraba na je lakca, amma ban san me aka faɗa ba. Ina zaune can baya, hannuna cikin hijabi yana bugawa kamar yana da tasa zuciyar. Takardar atendans ta zo, na sa wani karkataccen abu da hannun hagu, ban gane shi ba ni kaina. Na riƙa ganin kaina a mota na nufi Agwada da katifa da bokiti a ɗaure a sama, ina wuce Garaku, mata suna tambayar Inna, har an yi hutu ne? Ni ce ta farko a gidanmu da ta wuce sakandare. Ƙawata kuwa ta daina tsokanata. Takan wanke mini gashi kamar kullum tunda hannu ɗaya ba ya iyawa, amma shiru, sai ƙarar ruwa.

Laraba da la'asar na kira Inna. Na zauna a kan dakalin bayan gida, kajin mai gida suna tono a gabana.

"Inna, idan suka ce in nuna hannun fa?"

"Fatar ta rufe?"

"Saura kaɗan."

"To ba ta rufe ba ke nan."

"Inna, za su kore ni."

Ina jin ƙarar turmi a bayanta, da kukan akuyar nan tamu mai tsawon kunne. Can ta ce, "Ni dai abin da uwata ta gaya mini na gaya miki. Ban taɓa ganin wanda ya karya ba, balle in san abin da ke faruwa." Sai ta ƙara da cewa, "In ya zama dole, ki yi bisimilla. Kuma kada su taɓa."

Alhamis na isa tun sha ɗaya da rabi. Ƙawata ta riga ni fita da safe, ba ta ce mini inda za ta ba. Ofis ɗin Malama ƙarami ne, fayil-fayil har saman kabad, ga tukunyar fure a taga da wani ɗan tsiro ya lanƙwasa yana neman rana. Ita mace ce mai jiki, mai yawan cewa "to, to" kafin ta yi magana. Dakta yana zaune a gefe da takardar nan a kan gwiwarsa.

"To, to. Zauna, 'yata. Na karanta takardar asibitinki." Ta kalli Dakta ta saman tabarau. "Kai ka karanta ta kuwa har ƙasa?"

"Na ga hatimi. Hatimi kuma kin san yadda ake samunsa a garin nan."

"To, to." Ta tura mini farar takarda da biro. "Sa mana hannu a nan, sau uku, mu gwada da wancan."

Na miƙa hannun hagu.

"Da hagu kike rubutu?"

"A'a, Ma."

"To da wanda kike rubutu."

Ɗakin ya yi nisa. Na ji ƙarar nan ta zubar riɗi a kunnena, a hankali, kamar daga wata gona can bayan bango. Na yi bisimilla a zuci. Na fito da hannun daga hijabi, na kama bakin bandejin da haƙori, na fara warwarewa. Ya yi ta zagayawa, ya yi ta zagayawa, kamar ba zai ƙare ba. Ni kaina ban cika kallonsa ba. Bayan hannun ya yi baƙi ya kumbura, fatar ta saɓule a wuri ɗaya, sabuwa ja tana tasowa a ƙasa, yatsu uku a sandare. Na ɗora biron a tsakaninsu. Ya zame ya faɗi ƙasa ya gangara ƙarƙashin tebur.

Ba wanda ya sunkuya ya ɗauko shi.

"Innalillahi," in ji Malama a hankali. Ta miƙo hannu, na janye da sauri.

"Don Allah kada ki taɓa, Ma. Inna ta ce kada a taɓa."

Ta mayar da hannunta kan cinya. "Ba zan taɓa ba. Mu ma a garinmu haka ake yi. Rufe abinki."

Dakta ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. "Shi ya sa kika ba ni takarda da hagu," ya ce. "Na ɗauka rashin tarbiyya ne." Sannan ya ɗaga takardar atendans. "To amma wannan fa? Hannu bai sa kansa ba."

Na sunkuyar da kai. Kunnena ya ɗau zafi, ya fara rawa.

"'Yata," in ji Malama, "in ba ki faɗa ba, dole maganar ta wuce gabanmu."

"Ban sani ba, Ma."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, kafin a amsa ta buɗe. Ƙawata ce. Ta sa farar rigarta ta zuwa coci, ta ɗaure kai tsaf, idonta jawur. Ashe tun safe tana zaune a bayan ginin, gindin tagar ofis ɗin.

"Ma, Sa, ni ce. Ƙarya take, ta sani. Ku dubi kunnenta."

Ta faɗi komai a tsaye, da sauri, Hausa da Turanci suna karo a bakinta. Alkawarin da ta yi wa Inna, mako biyu na sa hannu, tambaya ta uku. Malama ba ta katse ta ba. Da ta gama, ta ɗauko wani biro a cikin kofi ta miƙa mata tare da farar takardar. Ƙawata ta sunkuya, ta ja layi ɗaya. Ga sunana. Ga jelar zakara.

Dakta ya jera takardun biyu, ya kalla, ya kalla. Wani abu ya motsa a gefen bakinsa.

"Wannan ai ya fi na mai shi kyau."

"To, to, sakatariya," in ji Malama, ba ta yi murmushi ba. "Kin san da a ce tun makon farko kin shigo ofis ɗin nan kin rufe ƙofa kin ce mini wance tana asibiti, da shi ke nan? Ba sai kin ce me ya same ta ba. Akwai fom, shafi ɗaya ne. Ni zan kai wa malamanta da kaina, ba wanda zai ji a aji. Don irin wannan aka ajiye ni a nan. Amma ku yara kun fi yarda da biro a ƙarƙashin benci."

"Ban san akwai ba, Ma."

"An faɗa ranar da aka tara sababbin ɗalibai."

"Wataƙila ranar ma wani ne ya sa musu hannu," in ji Dakta.

Suka ce mu jira a waje. Muka zauna a kan benci a baranda, ba mu kalli juna ba. Ta karɓi bandejin ta naɗa mini shi, a hankali, ta kau da kai gefe don kada ta ga gurbin, yatsunta kawai ke aiki. Rana ta faɗo ta cikin ganyen darbejiya tana rawa a kan siminti. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Na ji kamar zan iya yin barci a wurin, in farka in ga ina gona, dami bai ɗagu ba tukuna.

Da aka kira mu, Malama ce ta yi magana. Ƙawata za ta rubuta takardar ba da haƙuri, za a sa mata gargaɗi a fayil, kuma ta rasa makin zuwa aji na kos ɗin Dakta. Maganar ba za ta je kwamiti ba, tunda ita ta kawo kanta. Ni kuma in kai takardar asibitina wa likitan makaranta ya sa hatimi, in cike fom ɗin. Dakta zai yi mini tes da baki, a ofis ɗinsa, mako mai zuwa, Malama na zaune. In lokacin jarrabawa ya zo hannun bai saki ba, za a ba ni mai rubuta mini daga wani sashe.

"Ba ke ba, sakatariya," in ji Dakta.

"Na ji, Sa."

Ni dai ina zaune. Na ji kalmomin, amma ba su shiga ba. Na ce, "Ma, to... za a kore ni?"

Malama ta zagayo teburin. Ba ta taɓa hannun ba, kafaɗata ta dafa. Daga masallacin da ke bayan ginin aka fara kiran sallar azahar.

"Ba inda za ki, 'yata. Kina nan. Ku biyun kuna nan."

Na duba ƙasa. Biron da ya faɗi yana nan kwance ƙarƙashin tebur, kusa da ƙafata, dogo, baƙi, kamar wayar nan ta ofis ɗin Dakta. Na kalle shi sosai. Ban janye ƙafar ba.